Kuɗin Mai Gyaran Famfo Ba Shi Ne Asarar Ba

Da zarar hunturu ya kankama, ruwan tankin sama ya koma kamar ƙanƙara, sai magidanci ya tuna da hitar banɗakin da ta mutu tun bara. Zai tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwa, ya biya ɗan kasuwa ba gardama, ko da yake tun da naira ta faɗi a 2023 kayan waje sun yi tashin gwauron zabi. Amma da ya zo kan mai gyaran famfo, sai ya ɗaura ɗamarar ciniki kamar mai sayen sa a kasuwar Wudil. Yanzu kuma an samu sabon salo: wai kuɗin aiki asara ne, bututu biyu ne da waya uku, kowa ya kalli YouTube zai iya. Ni dai ban yarda ba.

Mu fara da bidiyon da ake taƙama da shi. Yawanci daga Amurka yake, inda hita ƙatuwar ganga ce a tsaye a ƙasa, da yawansu ma da gas suke aiki, kuma a garuruwa da dama sai an karɓi izinin hukuma kafin a canza ta. Tamu a bango ake rataye ta, sama da kan mai wanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce; hita mai lita 50 idan ta cika ta zarce buhun siminti nauyi. Bangon kuwa bulo ne mai rami a ciki, wanda aka yi wa rowar siminti tun a wurin bugu. Wane Bature ne a bidiyo zai ƙwanƙwasa maka bangonka ya ce nan ba zai riƙe noti ba?

Wani maƙwabcina, ma'aikaci mai digiri, ya ɗaura tasa da kansa ranar wata Asabar. Ya haɗa komai tsaf, ya kunna don ya gwada, bai bari ta cika da ruwa ba. Kafin ya gama wanke hannu elemen ya ƙone. Da ya kira mai gyaran da ya raina da farko, dattijon ya hau kujera ya shafa bututun da ke fitar da ruwan zafi, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai roba ce ta ruwan sanyi. Ko da elemen bai ƙone ba, da wannan ta saki." Sai ya ɗauko wani ɗan bawul na tagulla daga cikin kwali, har yanzu a ledarsa. "Wannan fa?" Maƙwabcina ya ce ya ɗauka ƙari ne. Dattijon bai ce komai ba, ya dai dube shi.

Wannan ɗan bawul shi ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa, domin ruwa yana kumbura in ya yi zafi, tukunyar kuma a rufe take ruf. Ɗigon da yake yi, wanda wasu ke toshewa don ya dame su, aikinsa ke nan. Gyaran gangar Auzinawa ya jawo wa maƙwabcina kuɗin elemen, da kuɗin sabon bututu, da kuɗin aikin da ya gudu tun farko.

Shi ma ya ci sa'a, kuɗi kawai ya rasa. Wutarmu bolt 230 ce, jiƙaƙƙen jiki kuma ba ya tare wuta kamar busasshe. Wayar nan mai launin kore da rawaya, wadda ke janye wuta zuwa ƙasa idan ta zubo a jikin ƙarfe, a gidajen haya da yawa an saka ta ne don ado, ba ta kai ko'ina. Mai ɗaurawa da kansa zai ɗaure ta ya yi hamdala, bai san ƙarshenta a cikin silin yake lilo ba. Kuma ba shi zai fara wanka ba. Yara ne da asuba, ƙafa ba takalmi, kafin makaranta.

Na san abin da za a ce: masu gyaran ma ai akwai 'yan dagaji, yaron da ya yi wata uku yana riƙe wa ubangidansa sifana ya buɗe shago. Gaskiya ne, na sha haɗuwa da su. To amma wa ya raine su? Mu da muke korar gwani saboda ya faɗi kuɗinsa, mu kira wanda zai karɓi na cefane. In kana son amfani da iliminka na YouTube, tsaya a kan mai aikin ka tambaye shi ina bawul zai zubar, wace irin waya ya ja, ko hitar na da makunninta daban a wajen banɗaki. Gwani zai amsa yana murmushi. Ɗan dagaji zai ce maka ai haka ake yi.