A Daina Raina Masu Kaɗa Taken Fim a Kan Fiyano Biyu

Akwai masana kiɗa a Turai da Amurka da ke yamutsa fuska da zarar an ce za a kaɗa taken wani fim a kan fiyano biyu a babban zaure. A wurinsu kiɗan kasuwa ne, na masu neman tafi. Ni kam ban yarda ba.

Ba fiyanon situdiyo nake nufi ba, mai lantarki, wanda kan kwaikwayi kalangu da sarewa a waƙoƙin finafinanmu. Babban nan na katako ne, mai madannai 88, wanda duk madannin da ka taɓa sai wata 'yar guduma ta tashi ta bugi waya. A ajiye biyu suna fuskantar juna, makaɗa biyu su zauna, a ɗora wa yatsu ashirin nauyin da gomman makaɗa suka ɗauka a fim.

Wahalar ke nan. Mai goge na iya jan sauti ɗaya ya riƙe shi, har ya ƙara masa ƙarfi. Sautin fiyano kuwa tun daga bugu yake fara mutuwa. Kiɗan John Williams na Star Wars, na 1977, ƙahoni ne ke tafiyar da shi, to ina ƙaho a jikin katako? Dole mai tsara kiɗan ya sake gini daga tushe: wannan ya riƙe karin, wancan ya cika ƙasa da bugu mai sauri don kada amon ya faɗi, can su yi musanya ba tare da kunne ya ji gaɓar ba. Ga shi babu madugu a gabansu. Ta saman fiyanon suke haɗa ido, ɗaya ya ɗaga haɓa, hannaye huɗu su sauka tare. In ɗaya ya makara ko da ƙiftawar ido, kowa a zauren zai ji.

Arthur Ferrante da Louis Teicher, waɗanda suka haɗu tun suna yara a makarantar Juilliard ta New York, sun ɗauki taken fim ɗin Exodus na Ernest Gold a kan fiyano biyu a 1960, faifan ya kai mataki na biyu a jadawalin waƙoƙi na Billboard. Masu raina su sun manta cewa a ƙarni na 19 makaɗin fiyano Franz Liszt haka ya yi ta yi da kiɗan opera, wanda shi ne abin da jama'a ke rububin kallo a zamaninsa. Yau ana koyar da aikin nasa a manyan makarantun kiɗa.

Inda nake da ƙorafi shi ne kan masu cika ado. Wani ya ga madannai 176 a gabansa sai ya ga kamar laifi ne a bar ɗaya bai yi ƙara ba, ya lulluɓe karin da gudun yatsu har ka rasa wane fim ake kaɗawa. Ferrante da Teicher ma kansu ba su tsira daga wannan ba a wasu faya-fayansu, ga kuma rundunar masu goge da suke jibgewa a baya. Wanda ya sayi tikiti karin da ya sani ya zo ji, a bar masa shi ya fito fili.