Ɗalibi a Bakin Inji

Malamanmu na da, irin su Imam Gazali a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin, sun lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su, kamar noma da saƙa da ɗinki, cikin farillan kifaya, wato waɗanda idan al'umma duka ta yi watsi da su, laifin ya hau kan kowa. Saboda haka idan na kawo maganar koya wa ɗaliban sakandare aikin masana'anta tun suna makaranta, ina magana ne a kan wajibin da muka sani tun tuni, sai dai wasu ƙasashe sun riga mu tsara hanyar sauke shi.

A jihar Wiskonsin ta Amurka, wadda ta riga sauran jihohin ƙasar kafa dokar koyon sana'a tun 1911, hukuma ta buɗe wa ɗaliban sakandare wata ƙofa a 1991. Yaron da ya kai shekaru biyun ƙarshe na karatunsa yana iya shiga wata masana'anta ya yi aiki na awa 450 a shekara, ana biyansa ladan aikinsa, alhali kuwa bai bar aji ba, har ma makarantar tana karantar da shi darussan da suka dace da abin da hannunsa yake yi, ko walda ne, ko sarrafa injin yankan ƙarfe, ko gyaran na'ura. Kamfani yana wakilta masa gwanin ma'aikaci guda mai kula da shi, akwai kuma rubutaccen jerin abubuwan da dole ya iya kafin jiha ta ba shi takardar shaida. Jamus ta daɗe a kan irin wannan turba, ta kuma ɗaure ta da doka a 1969, inda mai koyo yake yin kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makaranta.

Abin da ya fi cancantar lura a wannan nizami shi ne sharuɗɗan da aka gindaya, domin duk wanda ya karanta babin ijara a littattafan fiƙihu ya san cewa ƙulla aiki ba ya inganta sai an san ladan, an san aikin, an kuma san wa'adinsa. Mu ma muna da koyon sana'a tun kaka da kakanni, a maƙera da marina da rumfar dukanci, kuma ya fitar da gwanaye ba iyaka. Amma yaron shago a yau yakan shekara biyar ko fiye yana aike da share-share, ba shi da takarda, ba shi da ranar yayewa sai ranar da maigida ya ga dama, sau da yawa kuma ya bar makaranta kafin ya iya karanta ma'auni.

Akwai masu tsoron cewa masu kamfani za su mai da yara leburori masu arha, ko a rufe wa ɗan talaka hanyar jami'a tun yana ƙarami, kuma wannan tsoro yana da hujja. Maganinsa yana cikin tsarin kansa, tun da ɗalibin yana kammala sakandarensa kamar kowa, dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 kuma ta hana wanda bai kai shekara 18 ba taɓa injuna masu haɗari, in ban da wasu da aka yarje wa mai koyo a gaban mai kula da shi.

A Nijeriya an kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF a 1971, shi ne kuma yake tura ɗaliban jami'a da na kwalejojin fasaha zuwa masana'antu, amma ɗan sakandare, wanda shi ne ya fi yawa kuma ya fi kusa da zaman banza, ba a yi masa irin wannan tanadi ba. Gaskiya ne masaƙun Kakuri a Kaduna sun yi shiru, matsalar wutar lantarki kuma ta rage ƙarfin Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, amma har yanzu ana jimar fata, ana narka roba, ana casar shinkafa a waɗannan wurare, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar hannun da ya ƙware.

Shawarata ga gwamnatocin jihohinmu ita ce su zauna da masu masana'antu da shugabannin makarantun fasaha, su rubuta yarjejeniya mai bayyana awoyi da lada da mai kula da takardar shaida, su fara da makaranta ɗaya da kamfanoni kaɗan, sa'an nan su naɗa sufeton da zai riƙa kai ziyara don tabbatar da cewa an cika wa yaran alkawari. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.