Illar Yi wa Dodon Koɗi Kuɗin Goro

Gabatarwa

Bahaushe gwani ne wajen raɗa suna ga duk abin da ya ɗauka da muhimmanci. Masunci a Yawuri ko Argungu ba ya cewa kifi ya yi shiru, sai ya fayyace ko tarwaɗa ce ko karfasa ko kurungu ko ragon ruwa ko gaiwa. Manomi kuwa yana rarrabe kaura da farafara tun suna tsaye a gona. Saboda wannan yalwa ce wani likita Bature mai suna Dalziel ya iya cika littafi guda da sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a shekarar 1916. Amma da zarar an zo kan dodon koɗi sai harshen ya tsuke. Na tudu da na ruwa, babba da ƙarami, duk sunansu dodon koɗi ko katantanwa, a wasu kare-karen harshe kuma alkoto. Alhali kuwa nau'o'i ne barkatai, wasu masu amfani, wasu kuma masu ɗauke da cuta. Wannan kuɗin goro da aka yi musu yana jawo asarar lafiya da ta dukiya, kuma malamin Hausa yana da rawar da zai taka wajen magance shi.

Dodon Koɗin Tudu

Yawan dodon koɗin tudu da girmansa suna tafiya ne da yawan laima. A dazuzzukan kurmi na Kudancin Nijeriya da Gana ana samun manya waɗanda koɗinsu kan kai tsawon tafin hannu, har ya wuce. Mutanen can suna cin su, suna sayar da su a kasuwa, wasu ma kiwon su suke yi kamar yadda ake kiwon kaji. Idan aka nufo Arewa, inda rani ya fi damina tsawo, sai girman ya ragu. A nan an fi ganin matsakaita masu dogon koɗi mai zane-zane, irin waɗanda yara kan fafe su yi wasan katantanwa da su, da kuma ƙanana ƙwarai da ke ɓuya cikin ruɓaɓɓen ganye, ba a cika lura da su ba.

Dabarar waɗannan halittu ta tsira daga rani abar dubawa ce. Da iska ta bushe sai su shige ƙarƙashin dutse ko saiwar itace, su toshe bakin koɗinsu da wani ɓawo da suke yi da yauƙin jikinsu, su kwanta har ruwan farko ya sauka. Da damina suna cin ruɓaɓɓen ganye su mayar da shi taki, su kuma su zama abincin tsuntsaye da bushiya. Da yake ba su da sauri, ba sa iya guje wa gobarar daji ko sarar itatuwa. Saboda haka dajin da aka wayi gari babu katantanwa a cikinsa da damina, to ya fara rasa inuwarsa da laimarsa, ko da ido bai gani ba tukuna.

Dodon Koɗin Ruwa

A cikin ruwa ne rarrabewa ta fi zama dole. Akwai manya masu kumburarren koɗi da ake samu a fadamu da tafkuna irin na Haɗeja da Nguru. Waɗannan suna da murfi mai tauri da suke rufe bakin koɗinsu da shi, kuma su ne abincin wani tsuntsu dangin shamuwa wanda bakinsa ba ya haɗuwa a tsakiya. Akwai kuma wasu sirara masu tsini kamar hasumiya, su ma da murfi, waɗanda ke zaune cikin yashi da laka. Duk waɗannan ba su ne ke yaɗa tsargiya a ƙasar Hausa ba.

Masu haɗarin ƙanana ne, yawancinsu ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba su da murfi. Na farko shi ne wanda masana ke kira Bulinus. Idan aka riƙe shi tsininsa na sama, bakinsa na fuskantar mai kallo, za a ga bakin yana hagu, saɓanin yawancin katantanwa. Shi ne ke rainon tsutsar tsargiya mai sa fitsarin jini. Wasu daga cikin danginsa suna zaune a kududdufan da kan ƙafe da rani, su binne kansu cikin laka kamar gaiwa, su farfaɗo da damina. Na biyu shi ne Biyomfalariya, wanda koɗinsa a baje yake, a naɗe kamar gammo. Shi ke rainon tsargiyar hanji. Na uku, Limniya, koɗinsa marar kauri ne mai faɗin baki, kuma ta jikinsa ne tsutsar hanta ke bi kafin ta manne a ciyawar bakin ruwa, shanu da tumaki su ci. Duk hantar da malamin dabbobi ya hana mahauci sayarwa a kwata saboda wannan tsutsa, asalin asarar daga wannan ɗan ƙaramin koɗi take.

Tun a shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Bilharz, ya gano tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira, amma sai a 1915 wani masani ɗan Birtaniya, Leiper, ya tabbatar a can Masar cewa ta jikin dodon koɗi take bi. Mai cutar ne ke zubar da ƙwan tsutsar cikin ruwa ta fitsari ko bayan gida. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin dodon koɗin da ya dace da shi, ya hayayyafa cikin makonni kaɗan, sannan dubbai su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Inda babu wannan nau'in, tsutsar mutuwa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne ke buƙatar maganin wannan cuta, mafi yawansu a Afirka, kuma Nijeriya na sahun gaba. Duk da haka, a wasu ƙauyuka an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga yaro namiji. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Darasin Madatsun Ruwa

Sauyin da ɗan Adam ke yi wa ruwa shi ke zaɓar nau'in da zai yawaita. Kogin da ke ambaliya da damina ya janye da rani yana ɗauke da nau'o'i daban-daban, kowanne yana taka wa ɗan'uwansa birki, ga kuma kifaye masu cin su. Idan aka datse shi, ruwa ya kwanta, ciyawa ta tsiro, sai masu ɗauke da cuta su sami sarari. An ga haka a Gana bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, inda ƙauyukan bakin tafkin Bolta da cutar ba ta dame su a da ba suka wayi gari mafi yawan yaransu na fitsarin jini. An sake gani a Senegal bayan gina madatsar Diyama a 1986. Madatsar ta hana ruwan gishiri hawowa, ta kuma tare hanyar wani babban jatan lande mai cin dodon koɗi, cikin 'yan shekaru tsargiyar hanji ta mamaye garin Rishar Tol.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Madatsar Tiga da aka gina a 1974 ta raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, babu mai musun albarkar da ta kawo. Sai dai magudanan da ba sa ƙafewa, waɗanda ciyawa ta cika bakinsu, gida ne da ya dace da Bulinus da Biyomfalariya. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja, sauyin tafiyar ruwa ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyi, ita ma ta zama maɓoya.

A Kashe Su Duka?

Wani zai ce ai hanya mafi sauƙi ita ce a zuba guba a ruwa a hallaka su baki ɗaya, tun da Bahaushe ba cin su yake yi ba. Wannan magana tana da rauni. Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen kashe dodon koɗi yana kashe kifi da kwaɗi, ga tsada. Ko 'ya'yan aduwa, waɗanda aka gano tun 1933 a Sudan cewa suna kashe dodon koɗin ruwa, suna iya yi wa kifi illa. Bayan haka, masu ɗauke da cutar sun fi saurin dawowa, domin guda ɗaya yana iya hayayyafa ba tare da abokin barbara ba. Idan aka share masu yi musu kishiya, an gyara musu fili ke nan. Hasali ma a wasu tsibiran Karebiyan, yawaitar sirarin nan mai tsini ce ta rage yawan Biyomfalariya.

Wani kuma zai ce ga magani ana rabawa a makarantu. Gaskiya ne ƙwayar tana kashe tsutsar da ke jikin yaro, amma ba ta hana shi sake kamuwa idan ya koma kududdufin jiya. Abin da ke ɗorewa shi ne jama'a su san ruwan da ke da haɗari, su riƙa yashe ciyawar mashigi, su daina fitsari da bayan gida a bakin ruwa, su kuma san cewa ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu tsutsar da ke cikinsa ta mutu. Duk wannan sani yana buƙatar suna. Ba a iya yi wa yaro kashedi a kan abin da ba a iya nuna masa shi da baki.

Aikin Malamin Hausa

A nan ne malamin Hausa ya shigo. Aikinsa na farko shi ne tattara abin da ke akwai. Masunta da makiyaya da masu noman shinkafa sun fi kowa mu'amala da bakin ruwa, kuma su ya kamata a fara tambaya kafin a ƙirƙiri komai. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu yana iya tsintar busassun koɗuna, ya kai wa dattawan garinsu, ya rubuta sunan da suke kiran kowanne da abin da suka sani game da shi.

Aiki na biyu shi ne ƙirƙira inda aka sami giɓi, tare da malaman kimiyyar halittu da na kiwon lafiya. Harshen yana da kayan aikin. Ana iya kiran Bulinus bahagon koɗi, Biyomfalariya koɗin gammo, Limniya koɗin hanta, manyan fadama kuma masu murfi. Kama da wane ba ta wane, domin akwai wasu bahagwai da ba su ɗauke da komai, amma alamar ta isa ta sa yaro ya yi hattara. Sunan da ya bayyana siffa ya fi saurin zama a bakin jama'a bisa ga sunan Latin.

Aiki na uku shi ne shigar da waɗannan sunaye cikin darasin karatu da insha'i da auna fahimta a firamare da sakandare, domin masu wanka a kududdufi da tsakar rana su ne ke zaune a waɗannan azuzuwa.

Kammalawa

Dodon koɗi iri-iri ne, kuma kowane iri yana ba da labarin wurin da yake zaune. Na tudu yana nuna ko daji na da sauran laima, na ruwa kuma yana nuna ko mashigi ya dace a shiga. Kwalejojin ilimi su ne ke yaye malaman da za su tsaya gaban yaran ƙauyukan bakin ruwa. Ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya bar kwaleji yana iya ɗaukar koɗi a hannu ya faɗi sunansa da Hausa, ya kuma faɗi ko mai murfi ne ko bahago.