Kafin a zargi ɗalibi da ChatGPT, a ba shi jadawalin maki

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, malamai da yawa sun koma 'yan sanda. Ɗalibi ya kawo insha'i mai kyau, sai a liƙa shi a wata manhaja da ke iƙirarin gano rubutun ƙirƙirarriyar basira, idan ta nuna ja, shi ke nan an ba shi sifili. Wannan hanya ba adalci a cikinta, kuma akwai wadda ta fi ta araha da amfani, wato jadawalin maki.

Jadawalin maki tebur ne da ke fayyace abubuwan da malami zai duba a rubutu, da makin kowanne, da yadda aiki mai kyau ya bambanta da mai rauni. Ba sabon abu ba ne. A insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. A wannan kashi na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, ke nan kuskure 20 ya cinye shi duka. Sai dai ɗalibai da dama suna shiga ɗakin jarrabawa ba wanda ya taɓa nuna musu wannan rabo. Ita kuwa IELTS ta wallafa ma'aunanta huɗu na rubutu a intanet, kowa na iya saukewa a wayarsa.

Masu rubuta manhaja sun san darajar wannan. Kafin a fara aiki ana rubuta sharuɗɗan da manhajar za ta cika, a ƙarshe a gwada ta da su. Wanda aka ɓoye wa sharuɗɗa sannan aka ce aikinsa bai yi ba, an zalunce shi. Haka ɗalibin da aka mayar wa takarda da 4 cikin 10 ba tare da bayanin inda sauran 6 suka tafi ba.

Su kuma manhajojin gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI da kansa ya rufe tasa a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun masu jarrabawar TOEFL, suka tarar sun ɗauki fiye da rabinsa a matsayin aikin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. Waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka fi shan ƙarya, kuma ɗaliban Kano da Sakkwato suna cikin wannan sahu.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi: idan aka bai wa ɗalibi jadawali, zai liƙa wa ChatGPT, ya fitar masa da rubutun da ya cika kowane sharaɗi. Haka ne, in dai jadawalin nahawu da tsari kaɗai yake aunawa. Maganin shi ne a ƙara layukan da na'ura ba za ta cika wa mutum ba: maki don misali daga unguwarsu ko kasuwar garinsu, maki don daftarin farko da gyaran da aka yi masa, maki don ya tashi ya kare hujjarsa da baki cikin minti 2. Google Docs yana adana tarihin gyare-gyare, don haka wanda ya liƙa shafi guda a lokaci ɗaya ba zai ɓoyu ba.

Ba sai makaranta ta sayi komai ba. Google Classroom yana da wurin haɗa jadawali da kowane aiki, inda babu shi kuma hoton takarda a zauren WhatsApp na aji ya wadatar. Ɗalibi ma yana da abin yi: ya nemi jadawalin cikin ladabi kafin ya fara, ya rubuta da kansa, sannan ya auna aikinsa layi bayan layi. Idan zai nemi taimakon ChatGPT, ya tambaye shi inda ya gaza, ya yi gyaran da hannunsa, domin a ɗakin WAEC ba a shiga da waya.