Korona da hanta: waɗanda ke cikin haɗari ba su san kansu ba

Tun ranar 5 ga Mayun 2023 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta cire korona daga matakin gaggawa, amma ƙwayar na ci gaba da yawo. Huhu aka fi sanin tana kamawa, alhali tun farkon 2020 likitocin ƙasar Sin suka lura tana taɓa hanta: tsakanin kashi 14 zuwa 53 cikin ɗari na majinyatan da suka bincika, gwajin jini ya nuna hantarsu ta jigata.

Ƙwayar na iya shiga hanyoyin madaciya, amma akasarin ɓarnar na zuwa ne daga kumburin da jiki ke tayarwa wajen yaƙarta, da ƙarancin iska a jini, da kuma magungunan da ake sha. Mai lafiyayyar hanta yakan murmure. Wanda tasa ta riga ta ƙanƙance kuwa, labari ya sha bamban: wani binciken ƙasa da ƙasa ya gano kusan ɗaya cikin uku na irinsu sun rasu bayan kamuwa.

A nan ne lamarin ya shafi Nijar, Kamaru da Chadi, inda ciwon hanta nau'in B ya yi katutu. Kamaru ta sa rigakafinsa cikin alluran yara a 2005, Nijar da Chadi a 2008, wato galibin magidanta an haife su kafin allurar. Ciwon kan yi shekaru bai nuna alama ba, sai ido ya yi rawaya a ce shawara ce, a nufi mai saiwa.

Sai batun magani. Daga Maraɗi har Garwa, zazzaɓi na tashi ake neman mai tallar ƙwaya. Babba bai kamata ya wuce giram 4 na parasitamol a yini ba, amma magungunan mura da yawa na ɗauke da shi, mutum ya haɗa biyu ko uku bai sani ba. Dexamethasone, da ke ceton masu korona mai tsanani a asibiti, shi ne kuma wasu ke sha don ƙiba, kuma yawan shansa na iya tayar da ciwon hanta B da ke kwance.

Ma'aikatun lafiya sun zuba kuɗi wajen gwajin korona. Gwajin hanta B ɗigon jini ne da 'yan mintoci, amma har yanzu akasarin mutane sai sun je ba da jini ko awon ciki suke jin sakamakonsu.