Tsohuwar mota a Miga: a sauke inji a gyara, amma da awo

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Jahun ranar Lahadi da safe, lokacin da jama'ar Miga da ƙauyukan kewaye ke haramar cin kasuwar Gujungu, zai ga irin motocin da rayuwar yankin nan ta rataya a kansu: Golf mai ɗauke da mutane da buhunan shinkafa har but ya ƙi rufuwa, J5 da aka cika da awaki, tsohuwar a-kori-kura da ta sha walda ta ko'ina. Golf ɗin da direbobi ke kira Golf 3 an fara ƙera ta a Jamus a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, kuma an daina yin ta kafin shekarar 2000. Wato mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara ashirin da biyar a duniya. Ita ce ke kai mai naƙuda asibitin Jahun da tsakar dare, ita ce ke kai riɗin manomi kasuwa. Ranar da injinta ya gaji, ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, mai ita yana da zaɓi uku: ya sayar wa 'yan gwangwan su auna ta a sikeli, ya ci bashi ya sayo injin Beljiyom (wanda aka ciro daga tsohuwar motar Turai), ko ya sa a sauke injin a gyara shi. Ina ganin na ukun shi ne daidai a mafi yawan lokuta, kuma abin da ya ɓata sunan wannan aiki a wurinmu shi ne yadda ake yin sa da kintace. Tsufan inji ba shi da laifin da ake ɗora masa.

Lissafin kuɗi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa maganar ta zama dole. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar da 'yan Arewa suka saba sayo mota daga Kwatano cikin rahusa. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mota da inji da kayan gyara duk da dala ake shigo da su. Direban haya a Miga da ke tara kuɗin canza mota ya wayi gari ya ga abin da ya tara bai kai rabin kuɗin wadda yake hari ba. Ga irin wannan mutum, motar da ke hannunsa ita ce jarinsa gaba ɗaya, kuma shawarar da za a ba shi dole ta tashi daga nan.

Ya kamata mai mota ya san abin da ke gajiya a cikin inji, domin rashin sanin ne ke sa a yanke wa inji hukuncin mutuwa tun da sauran ƙarfinsa. Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowane fistin na hawa da sauka sau hamsin a daƙiƙa guda. Zobban da ke jikin fistin, waɗanda makanikai ke kira ring, su ne ke toshe wuta kada ta zurare ƙasa, su kuma share baƙin mai kada ya hau sama. Da shekaru suka ja, ring na cinyewa, bangon silinda na faɗaɗa ta sama inda zafi ya fi yawa, sai mota ta rasa ƙarfin hawa tudu, ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi. A ƙasa kuma, kurankishaf na juyawa a kan metal, tsakaninsu akwai 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma baƙin mai ne ke cika ta don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Idan tazarar ta buɗe, fitilar mai za ta fara ƙyaftawa, daga nan sai a ji ƙwanƙwasa, sai a ce inji ya buga. Duk waɗannan da na lissafa an yi su ne don a canza su. Masu ƙera mota da kansu suna yin fistin mai ƙarin kauri don silindar da aka sake huda, suna yin metal na musamman don kurankishaf da aka yanke wa kwata ko rabin milimita. Bulok ɗin inji, matuƙar bai tsage ba, yana iya ɗaukar gyara fiye da sau ɗaya.

To me ya sa mutane da yawa za su ce maka sun sauke inji, bayan wata huɗu hayaƙin ya dawo? Amsar tana ƙasan bishiyar da aka yi aikin. Ana kwance inji a shimfiɗa kayansa a kan buhu ko a kan yashi, ga iskar hunturu tana kaɗo ƙura, yaron gareji ya wanke su sama-sama da fetur a cikin tsohon kwano. Maigida ya shafa bangon silinda da yatsa ya ce da sauranta, a zuba sabon ring a cikin ramin da ya riga ya karkace. Kurankishaf ya yi zane, a goge shi da samfefa a ɗora sabon metal. Idan an zo ɗaure kan silinda, sai a zura bututu a sifana a ja iya ƙarfi, alhali kowace ƙusa tana da iyakar ɗaurin da kamfani ya rubuta, akwai kuma jerin da ake bi, daga tsakiya zuwa gefe, don kada kan ya lanƙwashe gasket ya ƙone. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a hanyar mai ta isa ta cinye sabon metal. Sannan ga al'adar cire ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, a haɗa fanka kai tsaye da sunan ƙasarmu akwai zafi, inji ya riƙa aiki a sanyaye da safe yana ƙara shan mai yana ƙara cinyewa. Makanikan nan ba su rasa basira ba. Mutumin da zai saurari inji ya faɗa maka silindar da ba ta kamawa ba ƙaramin gwani ba ne. Amma kunne da yatsa ba sa jin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma a nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Kayan awon da za su rufe wannan giɓi, maikuromita da filageji da sifana mai awon ɗauri, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na injin Beljiyom guda ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta injin Beljiyom, kuma ba hujja ce ta banza ba. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano da safe, ka zaɓi inji, a ɗora maka, gobe mota na kan titi. Direban da ke ciyar da iyalinsa da kuɗin lodin yau ba zai iya ajiye mota mako biyu ba, kuma injin da ba a taɓa buɗewa ba tun daga kamfani yana da nagartar da ba a musu. Sai dai a duba abin da ake saya. An ciro injin ne daga motar da aka yi ritaya da ita a Turai, babu wanda ya san tafiyar da ta yi, kuma garantin da mai shago zai bayar na 'yan kwanaki ne. Injin Golf 3 da ake saukewa yau daga kwantena sa'an wanda ke cikin motarka ne, shi ma ya haura shekara ashirin da biyar, kuma kullum nagari a cikinsu ƙarewa suke yi tunda ba a ƙera sababbi. Wanda ya gyara nasa da awo ya san abin da ke ciki: ya san ring sabo ne, ya san girman metal, ya san an wanke hanyoyin mai. Kuma kuɗin aikin a aljihun ɗan garinsu ya tsaya. Inda injin Beljiyom ya fi dacewa shi ne inda bulok ya fashe, ko ruwa ya shiga inji ya lanƙwasa konrod, abin da masu mota a gaɓar Kogin Haɗeja suka sani sarai a shekarun ambaliya irin ta 2022.

Wasu na kallon sake gina inji a matsayin aikin talauci, abin da ƙasashen da suka ci gaba suka bari. Ba haka ba ne. Kamfanin Renault na Faransa ya fara karɓar tsofaffin injina yana sabunta su a masana'antarsa ta Choisy-le-Roi tun 1949, kuma a 2020 ya sanar da mayar da masana'antarsa ta Flins cibiyar irin wannan aiki. Caterpillar na Amurka yana da reshe guda da aikinsa ke nan tun 1973, yana sayar da injin da aka sabunta da garanti. Bambancinsu da mu shi ne tsafta da awo da rubuta abin da aka yi. Mu ma mun taɓa samun tushe. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 da aka daina yi a can a 2006 ta yi suna ne domin makaniken ƙauye na iya sauke injinta ya mayar, kayanta kuma na samuwa a kowace kasuwa. Tsofaffin makanikai da yawa a Dutse da Haɗeja a kanta suka koyi sana'a.

Akwai kuma masu cewa tsohuwar mota gurɓata iska take yi, tana shan mai, tana kashe mutane. Game da hayaƙi, injin da ya gaji ne ke ƙona baƙin mai, don haka gyara shi rage hayaƙin yake yi, kuma inji mai cikakken matsi ya fi tattalin fetur. Game da hatsari kuwa, dole a yarda da masu wannan magana har zuwa wani wuri. Sabon ƙarfi a cikin motar da birkinta ke yoyo, tayoyinta suka suɗe, ƙarfen ƙasanta ya ruɓe, ƙarin haɗari ne. Motar da gindinta ya ci tsatsa ko aka haɗa rabi da rabi da walda ba ta cancanci a kashe mata ko sisi ba, a bar wa 'yan gwangwan ita. Farfaɗo da mota na gaskiya daga birki da sitiyari da taya da fitila yake farawa, inji ya biyo baya, fenti ya zo a ƙarshe. Abin takaici shi ne sau da yawa daga fentin ake farawa, musamman idan sayarwa za a yi.

Matsalar jabun kaya gaskiya ce, kuma ita ce ta fi sa ni damuwa, domin tana iya rusa aikin da aka yi da kyau. Ring na jabu da na gaske kwalinsu iri ɗaya ne. A nan nauyin ya koma kan mai mota. Gyara a gida, a fahimtata, yana nufin mai mota ya tsaya a kan aikinsa a garinsu: ya ga an buɗe injin, ya tambayi abin da awo ya nuna, ya sayi kaya wurin dillalin da zai iya komawa gare shi, ya karɓi tsofaffin da aka cire. Bayan an tayar da inji, ya lallaɓa shi na ɗan lokaci ba tare da lodi mai nauyi ba, ya yi juye da wuri don fitar da ɓurɓushin ƙarfe, ya kuma kula da matatar iska, domin a ƙasa mai ƙura irin tamu ita ce ke tsaron ring. Direban da ya fito daga gareji yau ya ɗora buhu goma gobe, shi ya kashe injinsa.

Abin da makanike ɗaya ba zai iya mallaka ba shi ne manyan na'urori: injin huda silinda, na yankan kurankishaf, na daidaita fuskar kan silinda. Galibi sai an ɗauki ƙarfen an yi tattaki zuwa Kano, a biya kuɗin mota, a jira layi, wannan wahalar ce ma ke sa mutane da yawa su tsallake matakin su zuba ring kawai. Nan ne gwamnatin Jigawa ke da rawar takawa. Tana kashe kuɗi a shirye-shiryen tallafa wa matasa da sana'o'i, tana kuma da kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse, ga ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure. Cibiya guda mai waɗannan na'urori a Dutse, wadda ƙwararru ke gudanarwa ana biyan kuɗi daidai wa daida, za ta yi wa Miga da Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu hidima, ta kuma zama wurin da yaran gareji za su zo na 'yan makonni su koyi karanta maikuromita da littafin kamfani. Ƙungiyar makanikai ta NATA na iya ɗaukar nauyin tsara su, ta kuma tilasta wa 'ya'yanta rubuta wa mai mota takardar awon da aka yi da girman kayan da aka sa. Har shirin gwamnatin tarayya na mayar da motoci masu amfani da iskar gas, wanda aka ƙaddamar a 2023, yana buƙatar wannan, domin injin da matsinsa ya zube ko bawul ɗinsa ke yoyo ba ya aiki da gas yadda ya kamata. Idan ana son motocin hayar Miga su ci moriyar shirin ranar da ya iso yankin, sai an fara gyara injinansu.