Dillalin da ba ya karɓar la'ada

A Amurka, dillalan hannun jari na intanet sun yafe la'ada: Robinhood ya share fage, Charles Schwab ya bi sahu a shekara ta 2019. To, ina suke samun na tuwo? Robinhood yakan miƙa cinikin mutane ga manyan kamfanonin hada-hada, su kuma su biya shi, a baya har mai saye kan tashi da farashi maras daɗi bai sani ba. A 2020 ya biya hukumar SEC tarar dalar Amurka miliyan 65 saboda ɓoye wannan. Kyan manhaja da yawan haja ba su isa su rufe wannan aibi ba. A Janairun 2021 ma, da hannun jarin GameStop ya yi tashin gwauron zabo, sai ya hana abokan cinikinsa saye, ya bar musu sayarwa kaɗai.